Muzurun daji ya matso bakin gari

A Tabotaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin ƙasar Buza, in kaza ta ɓace da dare ba a daɗewa wajen neman mai laifi. Mata su ce muzurun daji ne. Samari su ɗauko sanduna da karnuka. Wani kuma shi tafi kasuwa shi sayo maganin kusu, shi barbaɗa ga nama, shi aje bayan gida. Wanga na ƙarshe shi ya fi kowa ɓarna, ko da bai sani ba.

Muzurun daji ya yi kama da mussar gida, amma ya fi ta tsawon ƙafafu. Jikinsa launin ƙasa ne, da zane-zane baƙaƙe ga ƙafafu da wutsiya. Bayan kunnuwansa ja-ja ne. Nauyinsa bai cika wuce kilo 6 ba. Da rana shina kwance cikin kogon dutse ko tsohon ramin wata dabba. Sai bayan magariba shike fita. Macen tana ɗaukar ciki wajen wata 2, ta haifi ƴaƴa 2 ko 3, wani lokaci har 5. Masana sun gano cewa shi ne kakan mussar gida. Tun wajen shekara 10.000 da sunka wuce, can Gabas ta Tsakiya, mutane sunka fara tara hatsi. Kusu ya biyo hatsi, muzuru ya biyo kusu. Ke nan zuwansa bakin rumbu ba yau ya fara ba.

Manya sun tafi, ƙanana sun tsaya

A da, zaki na yawo cikin ƙasar Sahel gaba ɗaya. Gonaki sunka yaɗu, bindiga ta yawaita. A zamanin Turawa da bayansa an yi ta zuba guba ga mushe don kashe kuraye da diloli, gubar ba ta zaɓe ba. Fari na 1973 da na 1984 sunka ƙarasa abin da ya rage na daji. A Nijar zaki ya rage ne cikin gandun dajin da ake kira W, can bakin kogin Isa, wanda anka kafa a 1954. Ƙidayar da masana sunka fitar a 2014 ta nuna zakunan Afirka ta Yamma duka ba su wuce wajen 400 ba. Damisa ƙi sabo kuwa, ko cikin gandu ganinta ya yi wuya.

Muzurun daji shi ya jure, don abincinsa kaɗan ne, wurin ɓuyarsa kuma ƙarami. Ƙasar Adar ta dace da shi: duwatsu, kwazazzabai da kwari. Yanzu gonaki sun hau har gindin dutse, gidaje sun bi gonaki. Ba shi da wani daji mai nisa da za shi koma.

Akwai wani dalili kuma, mai daɗin ji. A 1975 anka fara dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Magiya don tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A 1984 babban aikin Keita ya fara, da kuɗin ƙasar Italiya. Mata ne sunka yi mafi yawan aikin, suna jera duwatsu suna gina ramuka, har anka dasa itace wajen miliyan 18. Inda itace da haki sunka komo, kusu da zomo da tsuntsaye na samun maɓoya. Mai cinsu kuwa dole shi biyo su.

Abin da shike ci

Gaskiya ne shina ɗaukar kaza, zabo ko tantabara in ya same su a fili. Asarar kaza ba ƙaramin abu ba ne ga matar da ke jiran ranar kasuwa ta sayo gishiri da sabulu. Amma babban abincinsa kusu ne, na gona da na rumbu. Kowane dare shina kamawa, ba a biyansa ko dala. A 1975 da 1976 kusu ya yi yawa cikin ƙasashen Sahel, shina tone irin da anka shuka tun bai tsira ba, har manoma su sake shuka sau biyu ko uku. Haka ya sake faruwa wajen 1986 da 1987. Muzuru, mujiya, yanyawa da maciji ba su iya hana irin wagga annoba su kaɗai, amma a shekarun da ba annoba su ke rage kusu. Wanda ya kashe muzuru don kaza guda, ya buɗe wa kusu ƙofar rumbu.

Guba ta fi komi muni. Naman da anka aje, karen gida shi ci, mussa ta ci, ungulu ta ci. Yaro ƙarami ma shina iya ɗauka. Kuma kusun da ya ci guba ba nan take shike mutuwa ba. Shina yawo a gajiye, muzuru ko mujiya su kama shi, gubar ta shiga jikinsu.

Ba ƙasar Adar kaɗai ke da wagga matsala ba. A Amurka akwai wata babbar kyanwar daji da ake kira zakin dutse, girmanta kamar na damisa. Ɗaya daga cikinsu, wanda ma'aikata sunka sa wa lamba P-22, ya zauna cikin wani ɗan daji a tsakiyar birnin Los Anjeles daga 2012 zuwa 2022. Bareyi shike ci, shina gudun mutane. A 2014 anka kama shi ba shi da lafiya, duk ƙazwa ta ci jikinsa. Da anka auna jininsa sai anka tarar da maganin kusu, wanda mutanen unguwa ke ajewa bayan gidajensu.

A duba sawu tukuna

Ba kowace kaza ce muzuru ke ɗauka ba. Da safe a duba ƙasa. Sawun kare da na dila suna nuna farce. Sawun muzuru zagayayye ne, ba farce, don shina ɓoye faratansa in shina tafiya. In ɗan akuya ne ko ɗan tunkiya anka kashe, da wuya a ce shi ne, sun fi ƙarfinsa. Galibi dila ne ko karnukan da ba su da mai su. Akwai dai wata kyanwar daji babba, ja, mai baƙin gashi tsaye bisa kunnuwa, wadda Faransawa ke kira karakal. Ita tana iya kama ɗan akuya, amma ba ta da yawa, kuma tana tsoron mutum ƙwarai.

Maganin da ya fi sauƙi akurki ne. A gina shi da laka, a yi masa ƙofa ƙarama, a toshe ta da faifan dutse ko katako tun kafin magariba. Kajin da ke kwana bisa darni ko bisa reshe, an miƙa su ne. Ƴan awaki da ƴan tumaki su kwana cikin shingen ƙaya mai kauri, kusa da inda mutane ke kwana, kare na nan kusa. Kada a zubar da hanjin kaza ko mushe bakin gida.

Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe namun daji da guba. Wanda dabba ta dama da ɓarna sai shi sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji na Buza, Keita ko Madawa. Yara kuma su bar ɗauko ƴaƴan muzuru daga kogo, uwar ba ta nisa.

Lafiyayyen muzurun daji ba shi tsayawa mutum shi matso. In anka ga wani ya shigo gari da rana tsaka, ba shi gudu, shina dalala ko shina kai cizo, to ana tsoron ciwon haukan kare ne. Kada kowa shi taɓa shi. Wanda anka ciza ko anka yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi gidan likita ran nan, ko da ciwon ƙarami ne.