Daga Bakin Likita Zuwa Bakin Mai Zagi: Ƙasƙantar Ma'anar Sunayen Nakasa a Ingilishi da Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin ilimin ma'ana ya san cewa kalma ba ta tsayawa wuri guda. Ma'anarta kan faɗaɗa ko ta ƙuntata, kan ɗaukaka ko ta ƙasƙanta. Wannan maƙala za ta dubi nau'i na ƙarshe, wato ƙasƙantar ma'ana, ta hanyar nazarin wasu kalmomi da likitocin Turai suka yi amfani da su wajen kiran masu nakasa, waɗanda a yau suka koma zagi a Ingilishi. Daga nan sai mu waiwayo gida mu ga ko Hausa ta tsira, domin da yawa daga cikinmu aikin fassara ne ke jiranmu a gidajen rediyo da asibitoci.

Kalmomin da Suka Zube

A 1910 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Henry Goddard, ya kasa masu raunin fahimta gida uku. Wanda hankalinsa bai wuce na ɗan shekara 2 ba shi ne "idiot", mai hankalin ɗan shekara 3 zuwa 7 shi ne "imbecile", na 8 zuwa 12 kuwa "moron". Biyun farko tsofaffin kalmomi ne da likitoci suka ɗauka, ta ukun kuma shi ya ƙirƙiro ta daga Girkanci. Har cikin dokar Ingila ta 1913 an rubuta biyun farkon. A yau kuwa duk wanda aka jefa da ɗayansu ya san "wawa" ko "dolo" aka ce masa.

Da waɗannan suka ɓaci, sai likitoci suka koma ga "mental retardation", ma'ana jinkirin bunƙasar hankali, suna ganin ta fi ladabi. Ba a daɗe ba 'yan makaranta suka gutsuro "retard" daga cikinta suna zagin juna. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar da ta cire ta daga dokokin tarayyar Amurka, aka maye gurbinta da "intellectual disability".

Haka "spastic" ta yi. Asalinta bayanin sandarewar jijiyoyi ne ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni tun suna jarirai. Tsokana ta yi mata yawa har babbar ƙungiyar da ke kula da irin waɗannan yara a Ingila ta cire ta daga sunanta a 1994, ta koma Scope. Ita kuwa "mongol" ta samo asali ne daga likita John Langdon Down, wanda a 1866 ya kamanta fuskar wasu yara da ta mutanen Mongoliya. A 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da kalmar bayan ƙasar Mongoliya ta yi ƙorafi.

Me Ke Jawo Haka?

Idan aka lura, hanya ɗaya kalmomin nan suka bi. Da farko likita ya zaɓi baƙuwar kalma, galibi daga Latin ko Girkanci, wadda ba ta da dauɗa a kunnen jama'a. Sai kalmar ta fita daga asibiti ta shiga makarantu da jaridu. Daga nan sai mai neman cin mutuncin lafiyayye ya kira shi da ita, domin a ransa zama mai nakasa abin kunya ne. Da zarar zagin ya rinjayi ma'anar farko, sai likita ya nemo sabuwa. Masanin harshe Steven Pinker, a 1994, ya kamanta wannan da injin motsa jiki wanda mutum ke gudu a kansa amma bai bar inda yake ba. Ashe ke nan laifin ba na kalma ba ne. Rainin da ake yi wa mai sunan shi ke bin kowane sabon suna ya ɓata shi.

Ina Labarin Hausa?

Ko sunan wuri bai tsira ba. Daga sunan asibitin Bethlem na Landan Ingilishi ya sami "bedlam", wato hargitsi. Mu ma idan Bakano ya ce "a kai shi Dawanau", ko Basakkwace ya ambaci Kware, kowa ya san ba kwatancen gari ake yi ba. Haka kuma "taɓin hankali" sakaya zance ne don kauce wa "hauka", amma "taɓaɓɓe", wadda suka fito daga saiwa ɗaya, zagi ce.

Misalin da ya fi nauyi shi ne kuturta. Taron masana cutar da aka yi a Havana a 1948 ya ba da shawarar a daina kiran majinyaci "leper". A Arewa an keɓe masu cutar a wurare irin su Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da Molai a ƙaramar hukumar Jere ta Barno, wadda Zabarmari ma ke cikinta. Na Kano sunansa Yadakunya, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna abin da majinyaci ke fama da shi bayan ciwon. Tun 1981 aka sami haɗin magungunan da ke warkar da cutar, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Amma manomin da ya ga tabo a fatarsa yakan ɓoye don gudun a ce masa kuturu, har sai cutar ta taɓa jijiyoyin yatsunsa. A nan suna ya yi ɓarnar da magani ba zai iya mayarwa ba.

Sai dai akwai bambanci. "Makaho" da "gurgu" da "kuturu" ba daga likita suka zo ba, kuma masu su suna riƙe da su a sarautu kamar Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Waɗanda suka zo ta hanyar fassara su ne ke saurin sauyawa: kafofin yaɗa labarai sun daɗe suna cewa "nakasassu", daga baya suka koma "masu buƙata ta musamman". Abin lura shi ne, kalmar "special" da aka fassaro wannan daga gare ta ita ma ta fara zama abin tsokana a makarantun Turai.

Kammalawa

Wannan ba ya nufin sauya suna aikin banza ne. Kalmar da ta riga ta zama zagi ba ta da gurbi a takardar asibiti ko labaran rediyo. Amma sabon suna ba ya daɗewa sai matsayin mai shi ya sauya, kamar yadda dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, take nema. Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano: idan mutum yana da abin hannunsa, sunan da ake kiransa da shi ba ya hana a girmama shi.

Saboda haka shawara ga mai fassara ita ce, kada ya bi Ingilishi ido rufe duk lokacin da ya sauya kalma. Ya fara ambaton mutum kafin larurarsa, kamar "mai larurar gani". Sannan ya je ya tambayi masu abin, a ƙungiyoyinsu da fadojin sarakunansu, sunan da suke so a kira su da shi, domin su ne za su amsa shi.