Kayan Adon Kirsimati da Baƙon da Ya Rasa Masauki



Idan watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko Kumasi da ƙurarsa, sai ka ga kasuwar Kejetia da kantunan Adum sun cika da kayan ado: takardu masu launi, da ƙananan fitilu, da taurarin kwali, da itatuwan roba. Tonawa suna ce da wannan idi Buronya. Yara sukan yanko ganyen kwakwa su kafa 'yan bukkoki a bakin hanya, a kan kuma yi wa ƙofofin majami'u ado da shi. A gidajen masu bi da ke Zongo da Aboabo da Asawase, uwargida takan jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ƙura, ta fito da kayan da ta tara shekara da shekaru. Ga ƙararrawar da uwarta ta bar mata, ga tauraron da ɗanta ya yanka da almakashi sa'ad da yake aji ɗaya.

To, watakila maƙwabcinka Musulmi zai leƙo ya ce, "Wai ku Kirista, itace kuke yi wa sujada?" Tambayarsa tana kan hanya, ya kamata ka san amsa.

Ka gaya masa gaskiya. Littafi Mai Tsarki bai umarce mu mu kafa itace ba, bai kuwa faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Rubutun da ya fi daɗewa da ya nuna ana kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Roma yake, na shekara ta 336. Itacen kuwa al'adar Jamusawa ce. Wani rubutu na 1605 ya ba da labarin mutanen Strasbourg suna kafa shi cikin ɗaki, suna rataya masa furannin takarda da 'ya'yan itace. A 1848 wata jarida ta buga hoton Sarauniya Victoria da iyalinta kewaye da nasu, sai mutanen Ingila suka ɗauka. A 1882 aka fara sa masa fitilun lantarki a New York. Turawan mishan da 'yan kasuwa ne suka kawo al'adar wannan ƙasa. Ka ga ashe ado ne kawai. Allah ɗaya muke yi wa sujada, wanda kuwa ya durƙusa wa itace ya yi zunubi.

Amma adon yana da amfani idan ya zama abin tuni. Tauraron da ke bisa yana tuna mana da masanan da suka taso daga gabas suna neman Sarkin da aka haifa. Ka duba Matta sura 2. Mala'ikan kwali yana tuna mana da albishir da aka kai wa makiyaya da dare. Wannan yana cikin Luka sura 2. Fitilun suna tuna mana Yesu ne hasken da ya shigo duhunmu. Sa'ad da kake rataya kowane ɗaya, ka gaya wa 'ya'yanka ma'anarsa.

Ga gargaɗi kuma. Kada ka ci bashi domin ado, ka shiga Janairu ba kuɗin makarantar yara. Kada ka dubi ɗakin maƙwabci ka ji kishi. Takardar da yaro ya yanka da murna ta fi kayan kanti da aka sayo da gasa. In kana da rara, ka dafa shinkafa ka aika wa gwauruwa da maraya, da maƙwabcin da ya aiko maka da naman layya ran Babbar Salla.

Yanzu ka yi tunani a kan sunan unguwarmu. Zongo daga zango yake, wato masaukin matafiya. Kakanninmu fatake sun biyo hanyar goro, suka sami wurin sauke kaya, har suka zauna. Mun san darajar a ce wa baƙo maraba. Amma daren da Maryamu ta isa Baitalami, ba a sami wuri dominsu a masauki ba, sai a komin dabbobi aka kwantar da jaririn. Ba fitila mai launi, ba ƙararrawa. Shi ne ya girma ya ɗauki zunubanmu a bisa wani itace dabam, wato gicciye, ya mutu, ya tashi a rana ta uku.

Ganyen kwakwan da aka yanko ba ya daɗewa a hunturu sai ya bushe, gama ya rabu da uwarsa. Haka mutumin da ya ƙawata ɗakinsa amma zuciyarsa tana rabe da Almasihu. Farkon Janairu za ka mai da kayan cikin akwati. Me zai rage maka?

Baƙon nan yana neman masauki a wurinka yau. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi, ka roƙe shi ya gafarta maka, ya zauna cikin zuciyarka. Sa'an nan ka yi adonka da farin ciki.

Allah ya ba ka alherinsa. Amin.