Kumburin Ciki Ga 'Ya'yan Karfasa

Ɗalibai masu kiwon 'ya'yan karfasa cikin tankin gilashi nan Potiskum, ku lura da hunturu. Kadan ruwa ya yi sanyi, cikin kifi yakan yi nawar narkar da abinci. In aka dinga zuba masa kamar da bazara, sai ya kumbura, ya ƙi ci, kashinsa ya fito fari kamar zare. Cin dare ɗaya kumburin ciki ke nan.

To, ga magani. A ware majinyacin, a hana shi abinci kwana 2 ko 3, a sake sulusin ruwansa. Sa'an nan a soma ba shi dafaffen alayyafo kaɗan-kaɗan, gama karfasa maciyar ganye ce. In farin kashin bai ɗauke ba, watakila ƙwayoyin cuta ne a hanji. Sai a nemi malamin dabbobi ya auna masa Flagyl.