OpenDocument

OpenDocument, wanda ake taƙaitawa da ODF, buɗaɗɗiyar ƙa'ida ce ta ajiye takardun ofis a kwamfuta, kamar wasiƙu, jadawalin lissafi da shafukan gabatar da jawabi. Ana kiranta buɗaɗɗiya saboda an wallafa bayaninta kowa na iya karantawa, kuma kowane kamfani na iya gina manhajar da ke aiki da ita ba tare da ya biya kuɗin izini ba. Da ita LibreOffice da Apache OpenOffice ke ajiye fayil. Sunan fayil ɗin rubutu yana ƙarewa da .odt, na lissafi da .ods, na gabatarwa kuma da .odp.

Tarihi

Ƙa'idar ta samo asali ne daga tsarin fayil na OpenOffice.org, manhajar da kamfanin Sun Microsystems ya buɗe wa jama'a. Ƙungiyar OASIS ta amince da sigar 1.0 a watan Mayu na 2005, sannan a 2006 ta zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 26300. Damuwar da ta haifar da ita a fili take: ma'aikatar da ta zuba takardunta na shekaru a tsarin da kamfani ɗaya kaɗai ya san sirrinsa, dole ta ci gaba da sayen manhajarsa, in ba haka ba wata rana ta kasa buɗe kayanta.

Rikicin Massachusetts

A 2005 gwamnatin jihar Massachusetts ta Amurka ta sanar cewa ma'aikatunta za su koma buɗaɗɗun tsare-tsare daga farkon 2007. Microsoft ta nuna adawa, amma ƙorafin da ya fi nauyi daga wajen makafi da sauran masu buƙata ta musamman ya fito. Manhajojin da ke karanta musu rubutun da ke fuskar kwamfuta, irin su JAWS, an daɗe ana daidaita su da Microsoft Office, alhali aikinsu da OpenOffice.org bai taka kara ya karya ba. Ma'aikacin gwamnati makaho zai iya wayar gari ya kasa aikin da ya saba yi.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, ko da yake yawancin laifin na manhajojin ne ba na tsarin fayil ɗin ba. OASIS ta kafa ƙaramin kwamiti ya duba lamarin, kuma sigar 1.1 da ta fito a 2007 ta zo da gyare-gyare, ciki har da ƙarin hanyoyin sanya wa hoto ko zane bayani a rubuce domin a karanta wa wanda ba ya gani. Jihar ta bar ma'aikatanta a kan Microsoft Office tare da ƙaramar manhajar da ke juya fayil zuwa ODF, kuma a 2007 ta saka tsarin Microsoft, wato Office Open XML, cikin waɗanda ta amince da su.

Matsalar lissafi

Sigogin farko ba su fayyace yadda za a rubuta dabarun lissafi a cikin jadawali ba. Da Microsoft ta ƙara ODF a Office 2007 a shekarar 2009, sai aka ga jadawalin da aka yi da wata manhajar yana buɗewa da lambobi kawai, dabarun da suka samar da su sun ɓace. Ga akawu wannan ba ƙaramar asara ba ce. Sigar 1.2 ta 2011 ce ta toshe giɓin da sashen OpenFormula. Sigar 1.3 ta biyo baya a 2021.

A watan Yuli na 2014 gwamnatin Birtaniya ta zaɓi ODF a matsayin tsarin musayar takardun da ake iya gyarawa tsakanin ma'aikatunta da jama'a.