Gamzaki da Zara

Ran nan ina gwajin koyarwa a aji huɗu, na ce wa yara gamzaki shi ne zara. Sai wani yaro ya ce, "Malam, ai gamzaki da asuba yake fitowa, zara kuwa da almuru. Ina suka gamu?" Na rasa ta cewa, kunya ta kama ni.

Daga baya na karanta bayanin wani malami Bajamushe, Gottlob Frege, wanda ya rubuta a 1892. Ya ce suna abu biyu gare shi: abin da yake nunawa, da hanyar da yake bi ya nuna shi. Tauraron asuba da na maraice abu guda ne, watau wanda Turawa ke kira Venus, amma hanyar gane shi biyu ce. Don haka wanda ya ce "zara ita ce zara" bai faɗi kome ba. Wanda ya ce "gamzaki shi ne zara" kuwa ya ƙara maka sani.

To, 'yan'uwana, yaron nan bai yi kuskure ba. Ya san hanyoyin biyu, bai dai san wuri guda suka nufa ba. Aikina ne in kai shi mahaɗarsu.