Yadda ake binciken jami'in gwamnati a tsohuwar Atina

A birnin Atina na ƙasar Girka, kimanin shekaru 2,400 da suka wuce, yawancin muƙaman gwamnati da ƙuri'ar sa'a ake raba su. Haka ake cika majalisar mutum 500, kowa ya yi shekara guda ya sauka. Shugabannin yaƙi kam zaɓensu ake yi, domin ba a damƙa runduna a hannun sa'a.

Wuyar aikin tana ranar sauka. Dole jami'i ya miƙa wa masu bincike goma lissafin duk kuɗin da suka bi ta hannunsa. Kafin a wanke shi, doka ta hana shi barin gari, ta hana shi yin wasiyya ko sadaukar da dukiyarsa ga alloli, don kada ya ɓoye ta. Wanda kotu ta kama da sata ko cin hanci, ninki goma zai biya. Ko bayan haka, kowane ɗan gari na iya kai ƙararsa.

Mata da baƙi ba su da rabo a muƙaman. Masu kula da ɗakin ajiye takardu da masu tantance tsabar azurfa a kasuwa kuwa, waɗanda kan daɗe a bakin aiki, bayin gwamnati ne.