Maƙwabcin da Launin Fatarsa Ya Zama Laifi

Ranar 21 ga Fabrairun 2023, shugaban ƙasar Tunisiya, Kais Sa'id, ya yi jawabi inda ya ce kwararowar baƙi daga ƙasashen kudu da Sahara makirci ne na sauya asalin al'ummar ƙasarsa. A lokacin, an ƙiyasta cewa baƙin kimanin 21,000 ne, a cikin jama'a kusan miliyan 12. Amma magana zarar bunu ce.

Kwanaki kaɗan bayan haka, masu gidajen haya a Tunis da Sfax suka shiga korar baƙar fata, wasu don ƙiyayya, wasu don tsoron dokar da ke hukunta wanda ya saukar da baƙo marar takardu. Ba a tsaya duba takarda ba, fuska aka duba. Ɗalibai da mata masu goyo suka wayi gari a titi, suka yi sansani a ƙofar ofisoshin jakadanci. A watan Maris, Gini da Mali da Kwaddibuwa suka aika jirage suka kwashe 'yan ƙasarsu. Hatta 'yan Tunisiya baƙar fata, waɗanda kakanninsu can aka binne su, sun sha zagi.

Abin lura shi ne Tunisiya ta haramta bauta tun 1846, kuma a 2018 ta kafa dokar hukunta wariyar launin fata. Duk da haka, dokar ba ta tsaya a bakin ƙofar kowa ba. Waɗanda suka tsaya su ne maƙwabta na ƙwarai: wasu suka kai abinci ga iyalan da tsoro ya hana fita, ɗaruruwa kuma suka yi zanga-zangar ƙin wariya a Tunis ranar 25 ga Fabrairu.

Mu Hausawa mun san zaman baƙunta, domin zangon Kumasi da unguwar Briketeri ta Yawunde shaida ne. Saboda haka ya wajaba mu binciki kanmu. Idan mai neman haya ya zo, halinsa muke tambaya ko ƙabilarsa? Wane suna 'ya'yanmu ke jin muna kiran iyalin da yarensu ya bambanta da namu? Addininmu ya ɗora mana haƙƙin maƙwabci ba tare da sharaɗin launi ko yare ba, kuma yaro a gida yake koyon raini kafin ya fita da shi waje.

Allah Ya sa maƙwabtanmu su amintu daga harshenmu da hannunmu, amin.